Ƙofar Sauti Ɗaya Ce

Tun da aka binne Jannes Bolhuis, ɗansa Hidde yake hawa jirgin ƙasa kowace Lahadi daga Groningen, ya sauka a ƙaramar tashar ƙauyensu, ya kwance tsohon keken mahaifin nasa da ke ɗaure a can, ya bi tsakanin gonakin dankali har gidan mahaifiyarsa Aaltje. Ba ɗoki yake yi ba, ba kuma nauyi yake ji ba. Ƙafafunsa sun san hanya, su suke kai shi.

Yana shiga za ta ɗora kofi. Za ta ba shi biskit ɗaya a gefen faranti, ta mayar da gwangwanin ta rufe. Su zauna a teburin kicin, ta gaya masa wanda ya mutu da wanda ya sayar da gona. Daga falo kuma kullum ana jiyo kukan tsuntsayen teku da gurnanin injin jirgi, ƙasa-ƙasa, duk da cewa tekun da ya fi kusa da gidan ba a ganinsa ko daga saman coci.

Daga kwamfuta sautin yake fitowa. A wani gari na bakin teku can arewacin Norway an kafa kyamara a saman ofishin tashar jiragen ruwa, tana nuna wa duk mai so abin da ke faruwa kai tsaye: jirgin fito ya shigo, ya fita, motar kifi ta wuce, mutane ƙanana kamar tururuwa sun tsallaka. A garin nan Marrit take, yayar Hidde, tana aiki a gonar kifi. Aaltje takan buɗe shafin da safe, ta faɗaɗa hoton ya cika allo, ba ta rufewa sai za ta kwanta. Ba ta taɓa cewa ga abin da take nema a ciki ba, Hidde kuma bai tambaya ba.

Uwa da 'ya ba su yi magana ba tun washegarin jana'iza. A ranar Marrit ta sauko da jakarta ta ce dole ta koma aiki, amma za ta riƙa kira ta kwamfuta duk Lahadi idan an taso daga coci. Aaltje tana goge tukunya, ba ta juyo ba, ta ce, "Kada ki wahalar da kanki. Je ki, kifayenki na jira." Daga nan shiru. Marrit ta sha gaya wa Hidde cewa tana kira ba a ɗauka. Aaltje ta sha cewa, a tsakiyar wata hirar daban, "Yayarka dai ta yi nisa." Shi kuwa yakan ce wa kowacce, "Ai kun saba," ya ci gaba da abin da yake yi. Ya san su biyun. Ya ɗauka taurin kai ne irin na gidansu, wanda ba a yi masa magani.

Kwamfutar aikinsa ce, kuma yana alfahari da ita. Kafin mahaifinsu ya kwanta ciwo, Hidde ya zo ya share tsohon tsarin da aka sayo ta da shi, ya jefa faifansa a kwandon shara a gaban kowa, ya sa Linux. Ya yi wa iyayensa dogon bayani a kan manhajar da kowa ke iya buɗe cikinta ya gani ya gyara, da yadda bai kamata wani kamfani ya riƙe makullin ɗakin mutum ba. Gaskiya ya faɗa, har gobe gaskiya ce. Ya sa manhajar kira, ya gwada da Marrit, ta yi ƙara har karen gidan ya yi haushi. Sai bayan jana'iza Aaltje ta miƙa masa adireshin shafin tashar a rubuce, ta ce an ce ana ganin garin, amma ita akwati mai toka-toka kawai take gani. Shafin yana buƙatar filogin, wato 'yar manhajar da ake liƙa wa burauza, abin buɗe shafukan intanet, don ta nuna bidiyo, kuma wannan filogin a rufe yake, masu shi ba su bar kowa ya leƙa cikinsa ba. Hidde ya yi yini guda yana fama da shi. Hoto ya zo, sauti ya ƙi. A ƙarshe ya samo wata dabara a wani dandalin intanet, ya haɗa filogin kai tsaye da katin sauti, tsuntsaye suka yi kuka a falo. Ya koma birni yana jin kansa gwani.

Wannan Lahadin ana yayyafi. Yana tsoma biskit a kofi sai wayarsa ta girgiza a aljihu. Saƙon Marrit ne: "Na san kana gidan. Ga ni ina kira yanzu haka, tana jin sa tana ƙyalewa. Ka ce mata ta kwantar da hankalinta, na kusa dainawa."

Hidde ya ɗaga kai ya saurara. Tsuntsaye. Injin jirgi. Agogon bango. Babu wata ƙara.

"Ina za ka? Kofinka zai huce," in ji Aaltje.

Ya shiga falo. Tashar ta cika allo, ruwan toka, sama toka, wani mutum da riga ruwan lemo yana jan igiya. Ya danna maɓalli hoton ya ƙanƙance. A can ƙasan allo, a kusurwa, wata 'yar alama koriya tana ƙiftawa, da sunan Marrit a jikinta. Tana ƙiftawa ba murya. Yana tsaye yana kallo har ta daina.

Bai ji komai a ransa ba. Ya ja kujera, ya buɗe baƙar tagar da ake rubuta umarni, ya tambayi kwamfutar wa ke riƙe da sauti. Amsar layi ɗaya ce. Filogin ne. Da dabarar da ya yi masa, in ya kama katin sauti ba ya saki, duk wata manhaja da ta zo sai ta tarar da ƙofa a rufe, ta yi abin da za ta yi a shiru. Ya rufe shafin tashar, ya gwada ƙarar kira, ta tashi lafiya lau. Ya sake buɗe shafin, ya gwada, shiru. Ya maimaita, ba don yana shakka ba, hannunsa ne kawai ya ƙi tsayawa.

Aaltje ta zo bakin ƙofa da tsumma a hannu. "Me ka yi wa tsuntsayena?"

"Mama, Marrit tana kira."

"Yanzu?"

"Kullum. Duk Lahadi. Abin ne ba ya ƙara."

Ya yi mata bayani a hankali, ya ce ƙofar sauti ɗaya ce, tashar ta tsaya a bakinta ta hana kowa wucewa. Ya ce laifinsa ne, da irin muryar da mutum zai ce ana ruwa a waje. Ta saurara har ƙarshe. Ta naɗe tsumman gida biyu, ta sake naɗewa.

"Akwai waya a zaure," ta ce. "Ta san lambar. A gidan nan aka haife ta."

"Ke ma kin san tata."

"Ni ba ni na ce zan kira ba." Ta juya za ta koma kicin, sai ta tsaya. "Kada ka gaya mata ina kallon wannan abin."

"Mama, in ban gaya mata ba, yaya zan…"

"Ka ce ya lalace. Ai ya lalace ɗin. Mayar mini da shi yadda yake."

Ya mayar. Tsuntsaye suka ci gaba.

A dandamalin jirgi ya kira Marrit. Iska na kaɗawa ta ɓangarenta, tana magana tana tafiya.

"Sautin ne ya lalace," ya ce. "Ba ta taɓa jin kiranki ba."

"Lallai, Farfesa. Ita ta ce ka faɗa, ko kai ka tsaro?"

"Gaskiya nake gaya miki, Yaya."

"Kwamfutar da ka ce ba ta taɓa lalacewa? Wadda ka tsare mu da wa'azinta muna cin abincin Kirsimeti har naman ya huce? A gabana ka gwada. Kare ya yi haushi."

"Daga baya ne."

"Me ya faru daga baya?"

Ya kalli layin dogo. "Na taɓa wani abu."

"Wane abu?"

"Ba za ki gane ba."

Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Haka kuke cewa dukkanku. Ka ji, Hidde, na gaji. Ba fushi nake yi ba ma yanzu, gajiya ce. Duk Lahadi in wanke hannu, in cire kayan aiki, in zauna gaban allo kamar mai jiran sakamakon asibiti. Lahadi mai zuwa zan kira sau ɗaya. In ba ta ɗauka ba, shi ke nan, mu riƙa aika wa juna kati a ƙarshen shekara. Mutane da yawa haka suke, ba su mutu ba."

Ran Laraba da yamma ya je taron ƙungiyarsu ta masu Linux, a ɗakin baya na laburaren unguwa. Mutane ne masu kirki. Za su kwashe maka Asabar ɗinsu kyauta suna gyara maka inji, ba za su karɓi ko kofi ba. Amma akwai wata jimla da ta zame musu matashin kai, kuma duk wanda ya zo da kuka da ita ake sallamarsa. Evert, babbansu, mai gemu da rigar sanyi wadda ta ga shekaru, shi ya fara faɗarta tun Hidde bai gama bayani ba.

"A wajena yana aiki."

"Ba a wajenka Mama take zaune ba."

"To wa ya aike ka haɗa shi kai tsaye? Wannan dabarar tun zamanin kakanni aka daina ta. Sa sabon tsarin da ke raba sauti, kowa ya samu."

"Na gwada a tawa. Filogin yana mutuwa, burauza ta bi shi."

"Akwai ɗan gyara da wani ya rubuta," in ji Lieuwe, wanda ke cin soyayyen dankali a kan allon rubutunsa. "Sai dai na waccan fitowar Linux ɗin ne. Wacce tsohuwar take da ita?"

Hidde ya faɗa.

"A'a, ban da wannan. Jira fitowa ta gaba, an ce an gyara."

"Zuwa Lahadi nake so."

"Ji shi," Lieuwe ya ce wa ɗakin. "Zuwa Lahadi. Maigida ya ba da oda. Turo albashinmu tukuna."

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Evert ya gyara zama, ya shiga bayanin da kowa a ɗakin ya haddace: laifin masu filogin ne da suka rufe shi, laifin masu shafin ne da suka zaɓi abin da ke rufe, ya kamata a rubuta musu. Ya ce ai akwai filogin mai 'yanci da ake ginawa, a sa mata shi.

"Akwati mai toka-toka yake nuna mata."

"To ta daina kallon shafin mana. Jiragen kifi ne fa. Me tsohuwa za ta yi da jiragen kifi?"

Duk abin da Evert ya faɗa daidai ne, kuma ba ɗaya a ciki da zai sa wata alama ta yi ƙara a falon wata mata a ƙauye. Abin da ke ƙona rai ke nan game da mutanen da suka yi gaskiya: sun sami inda za su ajiye laifi, sun ajiye, sun huta. Shekara da shekaru sauti yana yanke wa mutane a kan wannan tsarin, kowa a ɗakin ya sani, kowa ya koyi zagaye ramin har ya manta rami ne. Ba wanda ya taɓa tunanin manhajar da aka hana ta magana ya kamata ta fito fili ta ce an hana ni. Hidde da kansa ya faɗa wa mutane da dama wannan jimlar, a wajena yana aiki, yana kuma jin ya amsa musu. Yanzu da aka faɗa masa, ya jira ya ji haushi. Haushin bai zo ba. Ya zauna yana kallon man dankali a yatsun Lieuwe.

"In abin ya dame ka haka," in ji Evert yana murmushi, "koma wa kamfanin da ka baro mana. Sayo nasu ka sa mata. Ba za mu gaya wa kowa ba."

Hidde ya yi tunanin hakan da gaske, a kan keke, a hanyar gida. Ya tarar ba abin da ya rage a ransa da zai hana shi. Sai dai tsohon faifan ya daɗe a juji, sabon tsarinsu kuma ya fi ƙarfin tsohuwar kwamfutar Jannes.

Ran Asabar ya tafi ƙauye da safe. Ya yini a falo. Ya sa tsarin raba sauti, burauza ta mutu. Ya cire, ya sa wani. Tsuntsaye suka dawo suna shaƙewa kamar an riƙe musu wuya, ƙarar kira kuma ta zo a tsinke. Ya rage sautin tashar har ƙasa ko zai saki ƙofar, ya ƙi saki, ya riƙe ta ko da ba abin da yake faɗa. Wani lokaci komai ya ɗauke, har hoton, Aaltje ta leƙo ta ga akwatin toka, ta koma ta ci gaba da yanka albasa da ƙarfi fiye da yadda albasa ke buƙata. Da la'asar ya mayar da komai yadda ya same shi. Suka ci miyar wake da burodi baƙi. Ya kwana a tsohon ɗakinsa.

Da suka dawo daga coci ran Lahadi, Aaltje ta rataye kwat, ta wuce falo ta duba tashar kafin ma ta ɗora kofi. Ana ruwa a can. Jirgin fito yana ɗaure, ba kowa a waje.

"Ban iya gyarawa ba, Mama," in ji Hidde. "Ɗaya za ki zaɓa. In tashar na buɗe, ba za ki ji ta ba. In kina so ki ji, sai kin rufe."

"Kai da ka yi karatun."

"E."

"In na rufe kuma ba ta kira ba?"

"Sai ki sake buɗewa."

Ta zauna a kujerar Jannes, jakar coci a cinyarta. Ta daɗe tana kallon allon. Wata mota ta zo ta tsaya kusa da ofishin tashar, wani ya fito da gudu, ta sunkuya gaba kaɗan, sai ta koma ta jingina. Ba ita ba ce. Daga wannan nisan ma ba a gane kowa, Hidde ya san haka, ita ma ta sani.

"Ina ake dannawa?"

Ya nuna mata. Ta kama linzamin kwamfutar da hannu biyu, ta kai kibiyar kusurwa a hankali, ta danna. Tsuntsaye suka yi tsit. Sai yanzu Hidde ya ji yadda gidan yake da gaske: agogo, firiji, ruwan da ke bin bututu. Allon ya koma launin ƙasa, ba komai a kansa.

Suka jira. Ba ta ɗora kofin ba. Hidde ya tsaya jikin taga yana kallon gonar maƙwabci, yana ƙoƙarin tuna ko ya mayar da komai daidai jiya, ko ya bar wani abu a buɗe da zai sake kama ƙofar. Zuciyarsa ba ta bugawa da sauri. Kamar yana jiran jirgin da aka ce zai makara.

Da ƙarar ta zo, Aaltje ta juya ta kalli kicin, ta ɗauka murhu ne. Ta manta da sautin. Yana ta tashi, mummuna, mai kaifi, ya cika falon. Ta kalli allon, ga sunan, ga maɓalli kore da ja a ƙarƙashinsa. Hannunta na kan jaka. Hidde bai motsa ba. Ƙarar ta yi ta yi har ya fara tunanin yanzu za ta yanke.

"Koren?" ta ce.

"Koren."

Ta danna. Inda fuskar Marrit ya kamata ta fito, baƙin akwati ne, wannan ma wani abu ne da bai taɓa gyarawa ba. Amma ana jin numfashi, da iska tana dukan taga, da kukan tsuntsaye can nesa, irin su ɗin dai.

"Mama?"

"Ina jin ki."

Hidde ya ji Marrit ta ja kujera.

"To. Kin ɗauka."

"Ƙaninki ya ce abin ya lalace."

"Haka ya ce mini." Muryarta a bushe take, ba ta yarda ba, tana dai neman abin da za a faɗa wanda ba zai fasa komai ba. "Kuna lafiya? Nan dai ruwa ake ta yi."

"Na sani," in ji Aaltje. "Tun safe. Jirgin fito ma bai fita ba."

Ba a ji komai daga Norway ba sai iska. Aaltje ta gane abin da ta faɗa, ta matse baki, ta kalli Hidde kamar shi ya faɗa.

"Ta yaya kika san jirgin fito bai fita ba?" in ji Marrit, a hankali.

Aaltje ta sauke jakar daga cinyarta ta ajiye a ƙasa. Ta gyara wuyan rigarta, ko da yake ba mai ganinta.

"Hidde," ta ce, ba ta juyo ba, "je ka ɗora kofi."

Ya tafi kicin, ya jawo ƙofar bai rufe ta duka ba. Ya zuba ruwa, ya auna garin kofi, ya ɗauko gwangwanin biskit ya tsaya riƙe da shi. Daga falo yana jin muryar mahaifiyarsa ƙasa-ƙasa, tana tambaya ko wannan jan ginin da ke bayan ofishin tashar shi ne wurin aikin, ko kuwa farin.